Turanci a Tsakar Gida: Kalmar “Take” da Ayyukanta

 

A wannan wata kalma ɗaya tak za mu duba, amma tana aikin kalmomi ashirin. Ita ce “take”, ana faɗinta kamar “teik”. 'Yan'uwa na wajen Gwarzo da Kabo ne suka roƙa. Sun ce yaro yakan koyo a aji cewa “take” ita ce “ɗauka”, amma in aka miƙa masa kwalbar magani ko takardar banki ya karanta wa gida, sai “ɗauka” ta ƙi zama. Roƙon nan yana da dalili. A gidaje da yawa na ƙauyukanmu, ɗan aji biyar ko shida na firamare shi ne tafintan gida duka. Abin da ya ce takarda ta faɗa, shi kaka za ta sha, shi uba zai sa wa hannu. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Saboda haka ku matso da fitila, ku kira yaran, mu bi ta sannu a hankali.

Mu ma muna da irinta

Kafin mu ga laifin Bature, bari mu duba namu harshe. Mukan ci tuwo. Mukan ci kasuwar Getso. Yaro ya ci jarrabawa, wane ya ci sarauta, wane ya ci bashi, alƙali ya ci wane tara, riga ta ci kuɗi, wuta ta ci ɗaki, mugu ya ci amanar marayu, aiki ya ci gaba. A cikin waɗannan duka tuwon kaɗai aka tauna. Haka kuma “sha”. Mukan sha ruwa, mu sha rake, mu sha iska, mu sha wahala, mu sha alwashi. Ba yaron Bahaushe da yake rikicewa da waɗannan, gama tun yana goye yake jinsu. Amma Turawan da suka zo koyon Hausa sun sha fama da su. Ɗaya daga cikinsu, G. P. Bargery, wanda ya fara zuwa ƙasar nan da aikin mishan na CMS, ya yi shekaru yana yawo yana tambayar dattawa kafin babban ƙamus ɗinsa na Hausa da Turanci ya fito a 1934.

Abin koyo a nan shi ne, irin wannan kalma ba a gane ta sai an dubi maƙwabtanta. Wanda ya ji “ci” dole ya jira abin da zai biyo baya, ko tuwo ne ko amana. To, haka “take” take a Turanci.

Ita kanta baƙuwa ce a Ingila. Mutanen dā na can suna da wata kalma, “niman”, wadda suke mora a wannan wuri. Sa'an nan, daga ƙarshen ƙarni na 8, mayaƙan jiragen ruwa da ake kira “Viking” suka riƙa ƙetarowa daga Danmak da Norwe, har suka zauna a arewa da gabashin Ingila. Kalmarsu ita ce “taka”, ba ta kuwa da dangantaka da tamu “taka” ta sa ƙafa. Sannu a hankali baƙuwa ta kori 'yar gida. Jamusawa har yau suna riƙe da 'yar'uwar tsohuwar, suna cewa “nehmen”. Kun ga ashe ba mu kaɗai muka ari kalmomi ba, kamar yadda muka ari “littafi” daga Larabci, muka ari “mota” daga Turanci.

Kamanninta biyar

“Take” aikatau ce, wato kalmar da ke nuna aiki, wadda malaman zaure suke kira fi'ili. Akwai bambanci babba tsakanin aikatau na Hausa da na Turanci, wanda in yaro ya gane shi, rabin wahalarsa ta ƙare.

A Hausa, 'yar kalmar da ke gaba ita ke nuna lokaci: na ɗauka, zan ɗauka, nakan ɗauka. Aikatau ba ya motsi saboda lokaci ya wuce ko bai zo ba. Abin da ke sāke masa kama shi ne abin da ya biyo shi, ko inda aikin ya nufa: na ɗauki kaya, na ɗauke shi, na ɗauko, kayan ya ɗauku. Wani malami na Jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya kasa waɗannan kamanni gida bakwai a 1960, har yanzu kuwa da rabonsa ake koyar da nahawun Hausa.

A Turanci ba haka ba ne. Aikatau ba ruwansa da abin da ya biyo shi. Lokaci da mai yin aikin su ne suke sāke masa riga. “Take” tana da riguna biyar.

Ta fari, “take”. Da ita ake ba da umurni: “Take the hoe”, ɗauki fartanya. Ita ce ta abin da aka saba yi in mai yin ni ne, ko kai, ko mu, ko su. Ita ce kuma take bin “will”, “can”, “must”, “to”, “do” da “did”.

Ta biyu, “takes”. Ita ma ta abin da aka saba yi ce, amma in mai yin ɗaya ne kuma ba ni ba ne, ba kai ba ne: “She takes the goats to the bush”, takan kai awaki daji.

Ta uku, “took”, ana faɗinta kamar “tuk”. Aiki ne da ya wuce, tana kuwa tsayawa da ƙafarta: “We took the beans to Kabo”, mun kai wake Kabo.

Ta huɗu, “taken”. Wannan ba ta tafiya ita kaɗai. Dole a sami “have”, “has” ko “had” a gabanta, ko kuwa “is”, “was”, “were”, “be” da 'yan'uwansu.

Ta biyar, “taking”. Aiki ne da ake cikin yi: “He is taking the cow to the well”, yana kai saniya rijiya.

Kurakurai uku ne yara suka fi yi. Sukan ce “taked”, alhali babu wannan kalma a Turanci. Sukan ce “I have took”, daidai kuwa shi ne “I have taken”. Sukan ce “Did you took?”, daidai shi ne “Did you take?”, domin “did” ta riga ta nuna lokaci ya wuce, ba a nuna shi sau biyu. Waɗannan malami zai ja musu jan biro ne kawai. Amma akwai wanda ya fi su nauyi, wanda iyaye ya kamata su lura da shi.

A ce saƙo ya shigo waya daga ɗan'uwa. “Father took Musa to Kano” na nufin baba ya kai Musa Kano. “Father was taken to Kano” kuwa na nufin an kai baba Kano. A na fari baba ne ya yi aikin, lafiyarsa ƙalau. A na biyu shi aka ɗauka, mai yiwuwa ciwo ne ya tsananta, mai yiwuwa hukuma ce. 'Yar kalmar nan “was” a gaban “taken” ita ta juya zancen gaba ɗaya. Yaron da ya tsallake ta zai kwantar wa gida hankali a ranar da ya kamata a nemi mota.

Ma'anonin da muke gamuwa da su kullum

Na ɗaya, kai. In “take” tana tare da “to” da sunan wuri ko mutum, ma'anarta kai ce: “Take this letter to the pastor”, kai wa fasto wasiƙar nan. Kishiyarta ita ce “bring”, kawo. Mutane da yawa sukan haɗa su, amma Bahaushe bai kamata ya rikice ba, gama harshenmu ya riga ya raba mana: kai da kawo, ɗauka da ɗauko, fita da fito. Abin da ya nufo mai magana “bring” ne. Abin da ya bar wurinsa “take” ne.

Na biyu, shiga ko bi. “Take a bus at Kabuga” ba ta ce a ɗauki mota a kā ba, cewa ta yi a shiga mota a Kabuga. “Take the Gwarzo road” kuwa, a bi hanyar Gwarzo, wadda ta fita ta yammacin birni ta wuce gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado.

Na uku, cin lokaci. “It takes three months” na nufin yana cin wata uku. Manoma za su ga wannan a jikin buhun iri, inda ake faɗin kwana nawa masara ko wake zai yi kafin ya nuna. Wanda ya shuka iri mai dogon kwana a ƙarshen damina domin ba a karanta masa wannan layi daidai ba, ya yi asarar iri da taki da guminsa.

Na huɗu, zaman jarrabawa. A nan sai a yi hankali ƙwarai. “He took the examination” na nufin ya zauna ya rubuta jarrabawa, shi ke nan. Ba ta ce ya ci ba. Ci shi ne “pass”, faɗuwa kuwa “fail”. Tun da aka soma shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, takardun makaranta suka yawaita a gidajenmu. Yau ga ta WAEC da aka kafa a 1952, ga ta JAMB da aka kafa a 1978, ga ta NECO da aka kafa a 1999. In ɗa ya aiko ya ce “I have taken my exams”, a yi masa addu'a, a jira sakamako. Kada a sayar da ɗan maraƙi domin kuɗin jami'a tukuna.

A jikin kwalbar magani

Nan ne muka fi so ku tsaya, domin nan ne kuskure yake iya cin rai. A jikin magani “take” na nufin sha ko haɗiya. Ga layukan da aka fi gani.

“Take two tablets three times daily.” A sha ƙwaya biyu, sau uku a yini. Lamba ta fari ita ce yawan ƙwaya, ta biyu ita ce sau nawa. Yaro mai gaggawa yakan juya su, ya ce uku sau biyu. Jimla ɗaya ce, shida, amma maganin da aka ce a raba uku an raba shi ne domin ƙarfinsa ya zauna daidai a jini.

“Take one tablet every eight hours.” Ƙwaya ɗaya bayan kowace awa takwas, wato sau uku a dare da yini. Takwas ɗin nan awa ce, ba ƙwaya ba.

“Take before meals”, a sha kafin cin abinci. “Take after meals”, a sha bayan an ci. “Take with food”, a sha tare da abinci.

“Do not take more than eight tablets in 24 hours.” Kada a wuce ƙwaya takwas a dare da yini. Wannan shi ne iyakar farasitamol mai nauyin miligiram 500 ga babban mutum, na yara kuwa ƙasa da haka yake nesa, bisa ga nauyinsu. Mun raina maganin nan domin yana da araha, kowane kemis yana da shi, amma in ya yi yawa yakan lalata hanta, sau da yawa kuwa ba a ganin alamar ɓarnar sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

“Take the full course.” A shanye duka har ƙarshen kwanakin da aka ɗiba. Tun 2005 ƙasarmu ta bar kulorokwin ta koma ga maganin zazzaɓin cizon sauro da ake kira ACT. Kwana uku ake shansa, irin wanda aka fi bayarwa kuwa safe da yamma ne, sau shida ke nan, yana kuma fin aiki in an sha shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo. Uwa takan ga jikin yaro ya yi sanyi a rana ta biyu, sai ta ɓoye ragowar domin ƙanensa. Wannan tattali ne mai tsada, gama ciwon yakan dawo. Na tarin fuka kuwa yawanci wata shida ne.

“Not to be taken.” Wannan shi ne layin da ya fi duka. Ma'anarsa, ba na sha ba ne. Akan rubuta shi a jikin maganin shafawa da na wanke miki. Yaron da ya san “take” ita ce “ɗauka” kaɗai zai ce an hana ɗaukar kwalbar. Wanda ya tsallake “not” kuwa zai ce a sha. In aka ƙara wasu kalmomi, kamar “Not to be taken by pregnant women” ko “by children under twelve”, to an hana mai juna biyu ne, ko yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba.

Akwai wani haɗari da harshenmu ne ya jawo mana shi. Mu “magani” muke ce wa na ciwo, “magani” muke ce wa na ƙwari da na ɓera da na ciyawa. Ƙwayar nan da ake sa wa hatsi da wake a buhu ko rumbu domin kashe ƙwari, siffar ƙwayar sha gare ta, “tablet” kuma aka rubuta a jikin gwangwaninta. Guba ce mai kisa. Ko iskar da take fitarwa ta isa ta kashe wanda ya kwana ɗaki ɗaya da buhunan. A jikin irin waɗannan kaya ma akwai “take”, amma da wata ma'ana. “Take care”, a yi hankali. “Take off contaminated clothing”, a tuɓe tufar da maganin ya zuba wa. “Take the patient to a doctor”, a kai wanda ya sha ko ya shaƙa wurin likita, a kuma tafi da gwangwanin domin likita ya ga irin gubar.

Shawararmu ga iyaye mata, musamman shugabannin Zumuntar Mata, ita ce wannan. Kada ku bar tagar ba da magani sai malamin asibiti ya faɗa muku da Hausa, kun kuma maimaita masa ya ce daidai ne. Ku roƙe shi ya ja muku layuka a jikin takarda, layi ɗaya na safe, ɗaya na rana, ɗaya na dare. Ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙananan kalmomi masu juya zance

Sau da yawa akan liƙa wa “take” wata 'yar kalma a baya, sai ma'ana ta tashi ta koma wani wuri dabam. Waɗannan ba a gane su da hankali, haddace su ake yi, kamar yadda baƙo zai haddace “ci gaba” da “sha kan”.

“Take place”, faruwa. In katin biki ya ce ɗaurin aure “will take place” a Kabo ran Asabar, ana nufin can za a yi shi.

“Take part”, shiga cikin abu, kamar yarinya ta shiga ƙungiyar mawaƙa. Ba ɗiban rabo ba ne.

“Take off”, tuɓewa. Ita ce kuma tashin jirgin sama, kamar a filin jirgi na Malam Aminu Kano.

“Take after”, ɗauko kamannin iyaye ko halinsu.

“Take back”, mayarwa, ko janye maganar da aka faɗa.

“Take over”, karɓe ragamar abu daga hannun wani. Dattawanmu sun san wannan kalma sarai, gama da ita aka kira abin da ya faru a shekarun 1970, sa'ad da gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantu da asibitocin mishan da yawa. Da ita kuma aka kira juyin mulkin soja, tun daga na farko a Janairun 1966.

“Take in” tana da fuska biyu. A Turancin Ingila tana nufin saukar da baƙo a gida, ko kuwa ruɗin mutum: “I was taken in”, an yaudare ni. A Turancin ƙasarmu kuwa, in aka ce “she has taken in”, ana nufin ta sami juna biyu. Haka kuma “they have taken light”, wadda ta yi daidai da tamu “an ɗauke wuta”, Bature ba zai gane ta ba. Babu laifi a faɗe su a kasuwa, amma yaro ya san ba a rubuta su a takardar jarrabawa.

Kafin a sa hannu

Akwai kuma kalmomin da aka liƙa wa “take” a gaba. “Mistake” kuskure ne. “Overtake” wuce mota ne a hanya. Wadda muke so magidanta su riƙe ita ce “undertake”. Ma'anarta ɗaukar alkawari a wuya. In takardar banki ko ta ƙungiyar gama kai ta ce “I undertake to pay”, mai sa hannu yana cewa, na ɗauki alkawari zan biya. Maƙwabci yakan zo da takarda ya ce, “Baba, shaida kawai za ka yi mini.” Baba ya dangwala yatsa domin zumunci. Ashe ba shaida ya yi ba, lamuni ya tsaya. In mai bashin ya kāsa, wurin baba za a zo. In kuma takardar ta ce mai ba da rance zai iya “take possession of” gona ko gida, ma'anarsa zai karɓe ta zama a hannunsa. Littafin Misalai, wanda sabuwar fassara take kira Karin Magana, ya gargaɗe mu a sura 6 da sura 22 a kan tsaya wa wani lamuni da garaje. Ba a hana mu taimakon ɗan'uwa ba. Amma a taimaka da ido buɗe. Duk takardar da aka ga “undertake” ko “undertaking” a ciki, a kai ta wurin mutum biyu masu ilimi waɗanda ba su da rabo a cikin zancen, su karanta dabam dabam, a ji ko bakinsu ya zo ɗaya.

Haka nan saƙon da yake shigowa waya yana cewa “Take action now”, wato yi wani abu yanzu yanzu, in ba haka ba a rufe maka asusu. Gaggawar nan ita ce tarkon. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. A ajiye wayar, a je banki da ƙafa.

A cikin Littafi Mai Tsarki

Mun gode wa Allah, tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Amma samarinmu da yawa yanzu na Turanci suke riƙewa, wasu kuwa sun fi son tsohuwar fassarar Sarki Yakubu na Ingila, wadda ta fito a 1611. Turancinta ya haura shekara 400, kalmomi kuwa suna tsufa kamar mutane.

A cikin Matta sura 6, inda Ubangiji yake koyarwa a kan abinci da tufa da gobe, fassarar nan ta mori “take” tare da “thought”. Mai karatun yau zai ɗauka tunani aka hana, wato kada a yi shirin gobe. Amma a zamanin da aka yi fassarar, haɗin kalmomin nan biyu damuwa yake nufi, irin wadda take hana barci. Shi ya sa sababbin fassarori suka sa “worry” ko “anxious”, ta Hausa ma damuwa ta nuna. Saurayin da ya ce wa mahaifinsa ajiye hatsi a rumbu rashin bangaskiya ne, Turanci ne ya kā da shi. Yusufu ya tara hatsin Masar shekara bakwai bisa ga hikimar da Allah ya ba shi, kamar yadda Farawa sura 41 ta nuna. Misalai sura 6 kuma ta aike mu wurin tururuwa mu koyi tanadi. A cika rumbu, a kuma kwana da zuciya a kwance.

A cikin Fitowa sura 20, doka ta uku, “take” tana nufin kama sunan Allah a baki a banza, kamar masu rantsuwa a kan farashin akuya. A cikin Markus sura 8, inda ake zancen gicciye, “take up” ce, wato mutum ya sunkuya da kansa ya ɗauka, ba a ɗora masa dole ba. A cikin Matta sura 26 kuwa, wajen Jibin Ubangiji, “take” tana nufin karɓar abin da aka miƙo maka kyauta.

Ku lura da wannan, yara. Turanci da kalma ɗaya yake faɗin karɓar kyauta da ɗaukar abin da ba naka ba. “He took the money” tana iya zama an ba shi ya karɓa, tana iya zama ya faki ido ya zara. Hausa ba ta yarda da wannan rufa-rufa ba. Ta ce karɓa, ta ce ara, ta ce ƙwace, ta ce sata, kowanne da sunansa. In kun koyi Turanci, kada ku ɓuya a bayansa. Ɗan makarantar da ya ce “I only took it” a kan biron wani, a tambaye shi da Hausa, wanne daga cikin huɗun nan ya yi?

Aikin gida

Bayan addu'ar yamma, uba ko uwa su sa yaro ya juya waɗannan zuwa Hausa, kowa yana ji.

1. Take one spoon twice daily after meals.
2. My sister took the examination last year.
3. The bull was taken to Gwarzo market.
4. Not to be taken by children.
5. The meeting will take place on Sunday.
6. I undertake to pay if he fails.

Sa'an nan a cike gurbin nan da rigar da ta dace, ko take, ko takes, ko took, ko taken, ko taking.

7. Did you ...... your medicine?
8. She has ...... the baby to the clinic.
9. Yesterday we ...... a bus to Kano.
10. Mother is ...... food to the farm.

Abu na ƙarshe, a fito da kowace kwalba da kowane gwangwani mai rubutun Turanci da ke gidan, a nemi “take” a jikinsu, a karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. Na sha a ajiye su wuri ɗaya inda hannun yara ba ya kai. Na gona da na ƙwari a fitar da su daga ɗakin kwana da madafa tun yau. Wanda rubutunsa ya goge, ko aka juye shi a kwalbar lemo, kada a yi masa kintace, a kai wa malamin asibiti ko malamin gona ya duba.

Amsoshi za su fito a watan gobe, sa'an nan mu shiga kalmar “get”, wadda ita ma ba ta da dama. Ubangiji ya kiyaye gidajenku, ya ba yaranmu basira. Sai watan gobe, in Ubangiji ya yarda.